Akwatin bincike a manhajar intanet: LIKE, fihirisar rumbun bayanai, Meilisearch, Elasticsearch ko Algolia?

Duk manhajar da ta fara tara kaya, ko labarai ne, ko sunayen ɗalibai, ko jerin magungunan kanti, wata rana sai masu amfani da ita sun nemi a sa musu wurin da za su rubuta kalma su nemo abin da suke so. A nan mai gina manhaja yake yin ruwan ido, don hanyoyin suna da yawa, tun daga layi ɗaya na SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, har zuwa injin da sai an ware masa saba tasa, wato kwamfutar da za ta ɗauke shi a intanet. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne mafi yawan manhajoji ba sa buƙatar sabon inji. Rumbun bayanan da suke kai ya ishe su, muddin an shirya rubutun da kyau. Akwai inda rumbun yake gazawa, kuma za mu nuna wurin.

Abin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi, wato hayar saba ko kuɗin wata-wata, tare da tunawa cewa kusan duk waɗannan da dala ake biya. Na biyu wahalar kafawa, da kuma ta kula bayan an kafa, wadda ta fi ta farkon nauyi ko da yake ba a cika lissafa ta ba. Na uku ingancin sakamako: shin abin da ya fi dacewa yana zuwa a sama, kuma in yatsa ya yi tuntuɓe a kan waya ana samun abin da ake nema? Na huɗu ƙarko, wato ko zai ɗauki nauyin in bayanai suka ninka, da kuma ko lasisinsa zai iya sauyawa bayan ka riga ka dogara da shi. Na biyar haɗari: fallasar bayanai, da saɓani tsakanin abin da ke cikin rumbu da abin da bincike ke nunawa.

Tace rubutu, aikin da ke gaban kowane zaɓi

In abin da za a bincika da Hausa yake, wannan mataki ya fi zaɓen inji tasiri. Mai rubuta labari ya sa "ƙasa", mai nema kuma kibod ɗin wayarsa babu ƙ, sai ya rubuta "kasa", wani ma "k'asa". A Najeriya ana rubuta "'ya'ya", a Nijar "ƴaƴa". Alamar hamza kanta kala-kala ce: akwai miƙaƙƙiya ta kibod, akwai lanƙwasasshiya wadda Word da wayoyi ke sakawa da kansu. A wajen kwamfuta duk waɗannan kalmomi ne daban-daban.

Dabarar da aka saba da ita wajen goge wasalin sama na Faransanci, wato a rarraba harafi da NFD a zubar da alamar, ba ta aiki a nan. A tsarin Unicode, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ haruffa ne masu zaman kansu, ƙugiyarsu ba ta ɓallewa kamar alamar é. Dole ka rubuta taka matatar. A rumbun bayanai na PostgreSQL ga yadda take:

```
CREATE FUNCTION tace(t text) RETURNS text
LANGUAGE sql IMMUTABLE AS $$
  SELECT lower(translate(t, 'ƁɓƊɗƘƙƳƴ''’ʼ‘', 'bbddkkyy'))
$$;
```

Haruffa takwas na farko ana musanya su da takwarorinsu marasa ƙugiya, alamomin hamza huɗu da suka rage kuma ana share su, tunda ba a ba su abin musanya ba. Da wannan "ƙasa" da "k'asa" da "kasa" duk sun koma abu ɗaya, "sha'awa" kuma ta zama "shaawa" maimakon a raba ta gida biyu, "sha" da "awa", kamar yadda mai yanka kalmomi na PostgreSQL yake yi. Ƙa'idar ita ce matata ɗaya za a bi da rubutun da ake adanawa da kuma kalmar da mutum ya rubuta. In ka tace ɓangare guda ka bar ɗayan, sakamako zai fi na da muni. Kada kuma ka taɓa ainihin rubutun da ake nuna wa mai karatu, tataccen ya zauna a gurbinsa daban. Asarar da ke ciki ita ce "ƙara" da "kara" za su cakuɗe, haka "ɗan" da "dan". Wannan asara ce da za a iya ɗauka, don sakamakon da ya yi ɗan yawa ya fi shafin da ya fito babu komai.

Matsala ta biyu ita ce ɗafa-ƙeya da jam'i. Wanda ya nemi "makaranta" yana son ya ga "makarantar" da "makarantarmu" da "makarantu". Injinan bincike suna zuwa da tsarin mayar da kalma ga saiwarta na Turanci, Faransanci, Larabci da sauransu, amma Snowball, tsarin da PostgreSQL da Lucene (tushen Elasticsearch) ke amfani da shi wajen wannan aiki, ba shi da na Hausa. Nema da farkon kalma yana magance mafi yawan ɗafa-ƙeya. Jam'i irin "littafi" da "littattafai", ko "mace" da "mata", sai dai ka rubuta jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya da hannunka, ko wane inji ka ɗauka.

LIKE

LIKE umarnin SQL ne da ke nemo layukan da wani guntun rubutu ya fito a cikinsu. Ba ya cin ko sisi, kuma cikin mintoci ake gama shi: `WHERE tace(take) LIKE '%' || tace($1) || '%'`. Binciken da WordPress ke zuwa da shi ma LIKE ne a kan take da jikin rubutu, kuma shafuka masu ɗimbin yawa a kansa suke tafiya.

Gazawarsa uku ce. Da zarar alamar % ta zo a farkon kalma, fihirisa ta yau da kullum, wato jerin da rumbu ke tanada don saurin nemo layi, ba ta da amfani, sai rumbu ya karanta kowane layi daga farko har ƙarshe. A teburi mai layuka dubu biyar gajeru ba wanda zai lura. A mai dogayen labarai dubu ɗari biyu kuwa, kowane bincike zai riƙe sabar, mutum ashirin in suka nema a lokaci guda manhajar gaba ɗaya za ta yi nauyi. Sannan bai san iyakar kalma ba: neman "rai" zai kwaso "labarai" da "ƙwarai" da "sarai". Na uku, bai san wanne ya fi dacewa ba, sai dai ka jera da kwanan wata ko da haruffa.

Kurakurai biyu ne aka fi yi da shi. Ana manna abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin jimlar SQL, wanda ƙofa ce a buɗe ga mai kutse, alhali a matsayin sigar tambaya ya kamata a miƙa shi. Ana kuma mantawa cewa % da _ suna da ma'ana ta musamman a LIKE, saboda haka wanda ya rubuta % kaɗai zai jawo teburin duka. In mutum ya rubuta kalmomi biyu, raba su ka haɗa da AND, in ba haka ba "takin masara" ba zai samo "masara da takin zamani" ba. A SQLite kuma LIKE yana daidaita babban baƙi da ƙarami ne a haruffan Turanci kawai, Ƙ da ƙ daban suke a wurinsa.

PostgreSQL: tsvector da pg_trgm

A nan za mu daɗe, don shi ne zaɓin da ya fi dacewa da mafi yawan mutane. Binciken cikakken rubutu ya shiga cikin PostgreSQL kansa tun siga ta 8.3 a 2008. Yana yanka rubutu zuwa kalmomi, ya adana kowace kalma da jerin layukan da ta fito a ciki, kamar fihirisar bayan littafi da ke gaya maka shafin da kalma take ba sai ka karanta littafin duka ba. Daga siga ta 12, ta 2019, ana iya sa gurbin da ke cika kansa:

```
ALTER TABLE labarai ADD COLUMN nema tsvector
GENERATED ALWAYS AS (
  setweight(to_tsvector('simple', tace(coalesce(take,''))), 'A') ||
  setweight(to_tsvector('simple', tace(coalesce(jiki,''))), 'B')
) STORED;
CREATE INDEX labarai_nema ON labarai USING gin (nema);

SELECT id, take
FROM labarai, websearch_to_tsquery('simple', tace($1)) q
WHERE nema @@ q
ORDER BY ts_rank(nema, q) DESC LIMIT 20;
```

Kowane yanki a nan yana da dalilinsa. An sa 'simple' ne don in ka bar 'english' zai zubar da kalmomin da Turanci ke ɗauka marasa amfani, cikinsu har da "so", "me", "in", "to" da "an", waɗanda kalmomi ne na Hausa. Mai neman "so" ba zai sami ko layi ɗaya ba. An sa coalesce ne don in take ko jiki ya zama NULL, wato babu komai a cikinsa, duk haɗin zai koma NULL, labarin ya ɓace daga bincike ba tare da wani saƙon kuskure ba. Nauyin A yana da daraja 1.0, B kuma 0.4, don haka kalmar da ta fito a take ta fi wadda ta fito a jiki ɗaga labari sama. Shi kuma websearch_to_tsquery, wanda ya zo a siga ta 11, yana karɓar duk abin da mutum ya rubuta ba tare da ya yi kuskure ba, ya fahimci jimlar da aka sa cikin alamar zance, da alamar debewa a gaban kalmar da ba a so.

Abin da ba ya yi shi ne nema da farkon kalma. Don samun "makarantar" daga "makaranta" sai ka koma to_tsquery da alamar `:*`, shi kuwa ba ya yafe rubutun da ba a gyara ba, alamar & ko ! da ta faɗo ba a wurinta ba za ta jawo kuskure. Saboda haka a cikin manhajarka ka raba kalmomin, ka zubar da duk abin da ba harafi ko lamba ba, ka haɗa su kamar haka: `takin:* & masara:*`.

A kula da abu uku. Ƙara irin wannan gurbi yana sake rubuta teburin gaba ɗaya yana kuma kulle shi, don haka a babban teburi a yi shi lokacin da mutane suka yi ƙaranci. In ka gyara matatar daga baya, tsofaffin layuka ba sa sabunta kansu, sai ka bi su da UPDATE. Sannan ts_headline, mai fito da guntun rubutu da kalmar a haskake, ainihin rubutun yake sake karantawa, don haka a kira shi kan sakamako 20 da za a nuna kawai.

Raunin wannan hanya na gaskiya yana wajen jera sakamako. ts_rank yana duba sau nawa kalma ta fito a labari ɗaya, amma bai san ko kalmar gama-gari ce a sauran labaran ba, saboda haka "da" da "kwalara" kusan daraja ɗaya suke da ita a idonsa. Kuma dole ya auna kowane layin da ya dace kafin ya jera, don haka kalmar da ta fito a layuka dubu ɗari za ta yi jinkiri ko da akwai fihirisa. Tuntuɓen yatsa kuwa bai san shi ba sam.

Wannan giɓi na ƙarshe pg_trgm ke cikewa. Yana yanka kalma haruffa uku-uku, ya auna nawa ne suka yi tarayya tsakanin kalmomi biyu. Da `CREATE EXTENSION pg_trgm` da fihirisar GIN mai `gin_trgm_ops` a kan `tace(suna)`, abu biyu ke samuwa: LIKE mai % a farko ya fara amfani da fihirisa, sannan alamar % ta pg_trgm ta riƙa nemo kalmomi masu kama. Ma'auninsa daga 0 ne zuwa 1, iyakar da ya zo da ita 0.3. "Abdullahi" da "Abdulahi" suna tarayya a yanki 8 cikin 11, wato 0.73, za a same su. "Muhammad" da "Mohammed" kuwa yanki 3 ne cikin 15, wato 0.2, sun faɗi ƙasa da iyaka. In ka sauke iyakar don ka kama su, shara za ta cika sakamakon. Maganin shi ne ƙaramin teburin sunaye masu zaman ɗaya, inda Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Mamman ke nuni ga juna. pg_trgm ya dace da gajerun gurabe irin suna, take da adireshi. A kan dogon rubutu fihirisarsa tana kumbura sosai, kuma neman abin da bai kai haruffa uku ba ba ya cin moriyarta.

Ta fuskar kuɗi babu ƙari sai ɗan wurin ajiya. Ta fuskar haɗari kuma a nan ya fi sauran duka: kwafin bayanai ɗaya ne, abin da aka goge ya fita daga bincike nan take, kuma sharaɗin wa ke da izinin ganin me yana cikin WHERE ɗin da ka riga ka rubuta. A cikin tsarin gina manhaja, Django yana da SearchVector da SearchRank da TrigramSimilarity a shirye, Rails kuma yana da pg_search.

MySQL da SQLite

Wanda ke kan masaukin haya na haɗin gwiwa irin mai cPanel, galibi MySQL ko MariaDB ne a gabansa, kuma ba shi da ikon kafa wani inji. Fihirisar FULLTEXT tana aiki a teburan InnoDB, ɗaya daga cikin nau'o'in teburi na MySQL, tun siga ta 5.6, ana nema da `MATCH ... AGAINST`, kuma a yanayin BOOLEAN alamar * a ƙarshen kalma tana yin nema da farkon kalma. Tarkon shi ne tsawon kalma. InnoDB ba ya fihirisa kalmar da ba ta kai haruffa 3 ba, wato "ci", "ji" da "so" sun fita. Tsohon nau'in teburi, MyISAM, sai 4, wanda ke zubar da "uwa", "uba", "ido" da "rai", kuma a yanayinsa na yau da kullum yana watsi da kalmar da ta fito a rabin layukan teburi ko fiye. Sauya wannan iyaka sai an sake kunna sabar an sake gina fihirisa, abin da mai haya a masaukin haɗin gwiwa ba zai iya ba. Ka tabbatar teburin InnoDB ne, tsarin haruffansa utf8mb4, don a tsohon latin1 ƙ alamar tambaya take komawa.

SQLite kuwa yana da FTS5 tun siga ta 3.9.0 a 2015, kuma wajen jera sakamako ya fi PostgreSQL, don yana zuwa da BM25, lissafin da ke rage darajar kalmomin gama-gari. `ORDER BY rank` kawai ake rubutawa. Teburin bincike daban yake da na asali, sai ka sa masa faɗakarwa uku, ta ƙari da ta gyara da ta gogewa, su riƙa daidaita su. Ka kuma sa kowace kalmar mai nema cikin alamar zance kafin ka miƙa wa MATCH, in ba haka ba alamar debewa ko hamza za ta jawo kuskure. Ga manhajar da ke kan saba ɗaya, ko wadda ke aiki a waya ba intanet, da wuya a sami abin da ya fi shi.

Meilisearch da Typesense

Waɗannan injina ne masu zaman kansu da aka gina don akwatin da ke fito da sakamako tun mutum yana cikin rubutu. Kowannensu fayil ɗaya ne da za ka kunna, ka tura masa bayanai a tsarin JSON, ka riƙa tambayarsa ta HTTP. Juriyar kuskure, nema da farkon kalma, jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya, da tace sakamako bisa rukuni tare da ƙidaya, irin "taki 42, iri 17, maganin feshi 9", duk a shirye suke zuwa.

Meilisearch kamfanin Faransa ne ya yi shi da yaren Rust, sigarsa ta 1.0 ta fito a 2023. Fihirisarsa a faifai take, yana jawo ta cikin RAM gwargwadon buƙata. Yana yafe kuskure ɗaya a kalma mai haruffa 5 zuwa 8, biyu daga 9 zuwa sama, kuskure a harafin farko kuma biyu yake ƙirga shi. Kalmomin Hausa da yawa haruffa huɗu ne, don haka kada ka dogara da wannan juriya ta haɗa maka "kasa" da "ƙasa", ka tura masa tataccen gurbi. Typesense an rubuta shi da C++ ƙarƙashin lasisin GPL-3, yana riƙe fihirisar duka a RAM, kuma masu shi suna ba da shawarar RAM ninki 2 zuwa 3 na girman guraben da za a bincika. Yana fara yafe kuskure ɗaya daga haruffa 4, biyu daga 7, don haka shi zai haɗa Muhammad da Mohammed. Yana kuma iya aiki a sabobi uku da ke riƙe wa juna in ɗaya ta faɗi.

Ƙaramar saba mai RAM gigabait 1, wadda hayarta ke kusan dala 5 zuwa 6 a wata, ta isa farawa da bayanai matsakaita. Tsadar gaskiya ba a nan take ba. Daga ranar da ka kafa inji na biyu kana da kwafin bayanai biyu, kuma kai ne za ka riƙa daidaita su. An fi mantawa da gogewa: an cire kaya daga rumbu, bincike yana ci gaba da nuna shi, mai saye ya danna ya tarar da shafin babu. Ana kuma rasa canje-canjen da aka yi kai tsaye da SQL ba ta cikin manhaja ba. Hanyar da ke ɗorewa ita ce duk canji a rubuta shi a wani teburin jiran aiki cikin ma'amala ɗaya da canjin kansa, wani ɗan shiri ya riƙa kwashewa yana turawa, yana sake gwadawa in injin bai amsa ba, sannan a tanadi umarni ɗaya da zai sake gina fihirisar daga tushe. Ga masu gina manhaja da Laravel, Laravel Scout yana ɗauke rabin wannan aiki ga injinan biyu. A sani kuma Meilisearch yana karɓar bayanai ne ya sa a layi, amsar da ya ba ka ba ta nufin an gama, sai ka duba matsayin aikin.

Haɗarin tsaro a bayyane yake. Mabuɗin da zai je burauza ya zama na nema kawai, babban mabuɗi ya tsaya a saba. In bayanan na mutane daban-daban ne, kamar sakamakon ɗalibai, dole a ba kowa mabuɗin da aka taƙaita wa abin da ya shafe shi, kuma injinan biyu suna da hanyar yin haka.

Elasticsearch da OpenSearch

Shay Banon ya fitar da Elasticsearch a 2010, a kan Lucene, kunshin kayan aikin bincike. Duk abin da aka lissafa a sama yana yi, har da ƙari: BM25 tun siga ta 5, rarraba bayanai a sabobi da yawa, lissafi a kan miliyoyin layuka, da iko a kan kowane mataki na yanka kalma. Matatarsa ta asciifolding ma tana mayar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ zuwa b, d, k da y. Sai dai don akwatin bincike mai sauƙi, nauyinsa ya fi amfaninsa. A kan Java yake, ana ba shi rabin RAM ɗin sabar a bar rabi ga tsarin fayil, a Linux kuma sai an ɗaga vm.max_map_count zuwa aƙalla 262144. Sauya yadda ake yanka kalma a gurbi sai an sake gina fihirisar, kuma sabon bayani yana ɗaukar kusan daƙiƙa ɗaya kafin ya bayyana.

Tarihin lasisinsa abin dubawa ne ga mai tunanin ƙarko. A farkon 2021 kamfanin Elastic ya bar lasisin Apache 2.0, Amazon ya ɗauki siga ta 7.10.2 ya ci gaba da ita da sunan OpenSearch, a 2024 Elastic ya ƙara AGPL cikin zaɓi, OpenSearch kuma ya koma ƙarƙashin Linux Foundation. Ta fuskar tsaro, kafin siga ta 8 Elasticsearch ba ya zuwa da kalmar sirri a kunne, kuma a 2020 harin da aka yi wa laƙabi da Meow ya shafe dubban rumbunan da aka bari a buɗe ga intanet, yawancinsu Elasticsearch da MongoDB. Kada ƙofar 9200, wadda Elasticsearch ke karɓar tambayoyi ta cikinta, ta taɓa fuskantar waje.

Algolia, da bincike a cikin burauza

Algolia, wanda aka kafa a Faris a 2012, haya ce zalla: ba ka kula da saba, sakamako yana da kyau tun ranar farko, akwai kuma kayan ƙawata akwatin a shirye. Ana biya bisa yawan bincike da yawan layukan da ka ajiye. Abin lura shi ne in sakamako yana fitowa yayin rubutu, kowane harafi bincike ɗaya ne, kalma mai haruffa 8 za ta iya zama bincike 8. Jinkirta tambaya da milisakan 200 zuwa 300 bayan harafin ƙarshe yana rage wannan sosai, kuma dabara ce mai amfani ga kowane inji. Akwai iyakar girman layi, don haka dogon labari sai an yanka shi sakin layi-sakin layi. Bayananka suna zaune a sabobin wani kamfani a ƙasar waje, saboda haka in akwai sunaye da lambobin mutane a ciki, a duba abin da dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta ce kan fitar da su.

Shafin da ba shi da rumbu kuwa, irin wanda ake ginawa da Hugo ko Jekyll, binciken zai iya gudana a burauzar mai karatu. Lunr da MiniSearch suna sauke fihirisar duka kafin a fara nema, wanda ke cin datar mai waya in shafukan sun yi yawa. Pagefind yana yanka fihirisar gutsi-gutsi ya sauke wanda ake buƙata kawai. Kuɗi babu, amma duk abin da ke cikin fihirisa kowa zai iya sauke shi, don haka ba wurin bayanan sirri ba ne.

| Zaɓi | Kuɗi | Wahalar kula | Tuntuɓen yatsa | Jera sakamako | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| LIKE | babu | kaɗan ƙwarai | ba ya yafewa | babu | nauyi in teburi ya girma |
| PostgreSQL | babu ƙari | kaɗan | sai da pg_trgm | matsakaici | jinkiri a kalmomin gama-gari |
| MySQL FULLTEXT | babu ƙari | kaɗan | ba ya yafewa | matsakaici | zubar da gajerun kalmomi |
| SQLite FTS5 | babu | kaɗan | ba ya yafewa | mai kyau | saba ɗaya kawai |
| Meilisearch, Typesense | hayar saba | matsakaiciya | yana yafewa | mai kyau | saɓanin kwafi biyu |
| Elasticsearch, OpenSearch | saba mai RAM da yawa | babba | in ka saita | mafi iko | nauyin kula da tsaro |
| Algolia | bisa yawan amfani | kaɗan | yana yafewa | mai kyau | kuɗi na hawa da cunkoso |
| Pagefind | babu | kaɗan | kada a dogara | mai kyau | komai a fili yake |

Wa ya dace da me

Shafin ma'aikata na cikin gida, inda ake neman ɗalibi ko abokin ciniki a layuka 'yan dubbai: LIKE a kan tataccen gurbi, in ya fara nauyi a ƙara masa pg_trgm. Jarida, taskar fatawoyi ko hukunce-hukunce, ko duk wani dogon rubutu a kan PostgreSQL: tsvector da 'simple' da nema da farkon kalma, pg_trgm kuma ya zama madogara ta biyu a kan take in na farko bai samo komai ba. Mai masaukin cPanel ya riƙe FULLTEXT a InnoDB, ya koma LIKE in kalmar ba ta kai haruffa 3 ba. Manhajar waya ko ta saba ɗaya, FTS5.

Kantin intanet da masu saye ke rubutu a waya, suna kuskure, suna son tace kaya bisa farashi da iri, shi ne ya cancanci inji na biyu: Meilisearch in RAM ta yi ƙaranci, Typesense in kana son sabobi uku masu riƙe wa juna, Algolia in babu mai kula da saba kuma cinikin zai biya dalar. Elasticsearch ko OpenSearch sai in bayanai sun kai miliyoyi masu yawa, ko ana buƙatar lissafi a kansu, kuma akwai mutumin da kula da shi aikinsa ne.

Kafin ka tashi daga wani mataki zuwa na gaba, ka riƙa adana duk kalmar da aka nema da adadin sakamakon da ta samo, ba tare da sunan mai nema ba. Bayan makonni kaɗan ka duba waɗanda suka fito da sifili. In yawancinsu bambancin rubutu ne ko jam'i, gyaran matata da teburin kalmomi masu zaman ɗaya ya isa. In kuskuren yatsa ne ya fi yawa, ko EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna inda tambaya ke cin lokaci, ya nuna jera sakamako ne ke cinye lokacin, sai ka kafa Meilisearch ko Typesense a gefe, ka tura masa kwafin bayanan, ka gwada waɗannan kalmomin a kansa kafin ka sauya akwatin da mutane ke gani.